Ƙwayar da Na Daka a Cikin Garin Sabara

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa. Ba zan faɗi sunana ba, domin ba shi ne abin amfani a nan ba. Waɗanda suka san ni a Ƙaraye da Rogo za su gane ni tun kafin su kai ƙarshe, kuma ba na jin haushin hakan. Abin da na aikata a bainar jama'a na aikata shi.

An haife ni a wani ƙauye da ke yankin Kafin Dafga. Mahaifina manomi ne, yana noma dawa da gero da gyaɗa, kuma ban taɓa ganin rumbunmu ya ƙare kafin kaka ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce yunwa ce ta jefa ni. Na yi karatun allo, na yi boko har na gama sakandare. A ƙauyenmu an san ni da ladabi da saurin riƙe abu a ka. Wannan ne ya sa mahaifina ya ɗauke ni ya kai ni wurin wani amininsa, Malam Sabo, mai kemis a cikin garin Ƙaraye, don in koyi sana'a.

Malam Sabo tsohon ma'aikacin asibiti ne da ya ajiye aiki. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. A hannunsa na san sunayen magunguna, da wanda ake sha kafin abinci, da wanda ba a ba mai ciki, da wanda ba a haɗa shi da wani. Ina shekara ta uku a wurinsa na yi aure, shi ne ma ya karɓar mini auren matata Rabi.

Akwai wata durowa guda a kemis ɗin da kullum take kulle, makullinta yana aljihunsa. A ciki yake ajiye ƙwayoyin barci. Ba ya ba kowa sai wanda ya zo da takardar likita. Masu neman maganin barci kuwa suna da yawa, fiye da yadda kuke zato. Manomi zai zo, malamin makaranta zai zo, mai jego za ta aiko. Duk wanda ya zo, sai Malam ya jawo masa benci ya hau yi masa tambayoyi. Tun yaushe abin ya fara? Kana shan shayi da yamma? Goro fa? Fitsari yana yawan tashinka? Akwai inda ke maka ciwo? Akwai abin da ke damun ranka? Ya ce wa wani ya rage goro, ya tura wani asibiti, mafi yawansu su fita hannu rabbana.

Abin yana ba ni haushi. Wata rana na ce, "Malam, mutum ya zo da ƙafarsa yana neman abu, ga shi a durowa, me ya sa ba za a ba shi ba?"

Ya ce, "Rashin barci yawanci ɗan aike ne, wani abu ne ya aiko shi. In ka toshe masa baki da ƙwaya, abin da ya aiko shi yana nan yana cin mutum. Kuma ƙwayar nan tana da kama jiki. Tsoho ba ka yi masa wasa da ita, mai ciwon ƙirji kuwa tana iya tafiya da numfashinsa gaba ɗaya."

Na ji wannan magana da kunnena, na kuma fahimce ta. Ku riƙe wannan, domin duk abin da na yi daga baya ban yi shi cikin jahilci ba.

Farkon lalacewata ƙaramin abu ne. Ranar wata Laraba Malam ya tafi ta'aziyya, ya manta makullin a kan tebur. Sai ga wani direban motar haya da ake kira Iliya, idanunsa jajur, ya ce kwana huɗu ke nan bai runtsa ba, in taimake shi don Allah. Na ce sai da takarda. Ya yi dariya, ya cusa mini abu a aljihu, ya ce, "Guda biyu kacal, abokina. Wa zai sani?" Na buɗe durowar na ba shi. Bayan kwana biyu ya dawo yana ta sa mini albarka, wai bai taɓa barci mai daɗin wannan ba. Ni kuwa sai na ji a raina ashe ma taimako na yi, Malam ne mai tsanani. Na je na yanko makulli na biyu.

Iliya ya kawo abokinsa, abokin ya kawo wani. Haka aka yi ta yi har wajen wata biyar. Asirina ya tonu ne ranar da Iliya ya shigo a gigice, bai lura Malam yana bayan kanta yana jera kwalaye ba, ya ce da ƙarfi, "Ba ni irin ta kullum, huɗu yau, biyu ta daina yi mini." Malam ya miƙe tsaye ya dube shi, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Da Iliya ya fita sai ya ce, "Ka ga abin da ka yi wa bawan Allah nan? Mutumin da yake ɗauko rayukan mutane a mota. Ajiye makullin, ka tafi gida ka yi tunani. In ka gane, ƙofata a buɗe take."

Ban koma ba. Girman kai ya hana ni. A gida na ce Malam ne ya ga na fi shi farin jini ya kore ni.

Na riga na ɗanɗana daɗin kuɗin, kuma na san mutane suna son ƙwayar. Na nemi wani mutum a birni da ke sayar da irin waɗannan ƙwayoyi ta bayan fage, ba ya tambayar takarda, ba ya tambayar suna. Sai dai na lura da wani abu. Mutanen ƙauye, musamman dattawa da mata, suna tsoron kalmar ƙwaya, a wurinsu abin 'yan shaye-shaye ne. Amma in ka ce musu na gargajiya ne, sai su karɓa da hannu biyu, su ce ai itace ba ya cutarwa. A nan Shaiɗan ya buɗe mini ƙofa. Na samo ganyen sabara na shanya, na haɗa da citta da kanumfari don ƙamshi, na daka ƙwayoyin a ƙaramin turmi har suka zama gari, na gauraya, na ƙulla a leda. Na raɗa masa suna Garin Natsuwa, na ce gadonsa na yi wurin kakana, mutumin da bai taɓa haɗa ko maganin mura ba.

Rabi ta taɓa tambayata, "Malam, me ya sa kake rufe ƙofa in za ka yi dakan nan? Kawo in taya ka mana." Na ce mata sirrin magani ne, mace ba ta gani. Ta yarda, domin ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

Na sayi babur da 'yar lasifika, na shiga bin kasuwanni, daga Ƙaraye zuwa Rogo, zuwa ƙauyukan Gwangwan da Tudun Kaya. Garin ya karɓu fiye da zatona. Duk wanda ya sha sai ya yi barci kamar an ɗauke shi, mako na zagayowa ya zo da maƙwabcinsa. Aka fara kirana Malam Mai Natsuwa. Ba na tambayar kowa shekarunsa, ba na tambayar wane ciwo gare shi ko wane magani yake sha. Awo ɗaya nake ba kowa, ƙato da tsohuwa.

Alamu sun zo mini, ba sau ɗaya ba. Masu saye suka fara cewa in garin ya ƙare ba sa runtsawa sam, har gara kafin su fara. Wani tela ya nuna mini hannunsa yana rawa, ya ce ya kasa zura zare a allura. Wata tsohuwa ta tashi alwalar asuba jiri ya ɗebe ta, ta faɗi ta karya hannu. Duk wanda ya kawo kuka sai in ce, "Ai maganin ne yake fitar da cutar, a ci gaba da sha." Ni kaina a lokacin na fara haɗiyar rabin ƙwaya in na dawo daga kasuwa, da sunan gajiya. Rabin ƙwayar ya koma ɗaya, ɗaya ta koma biyu.

A wata kasuwa ta yankin Gwangwan, kusa da inda nake shimfiɗa kayana, akwai wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da nono, ana ce mata Goggo Dije. Rugarsu ba ta da nisa da kasuwar. Mace ce mai fara'a, in rana ta take sai ta dama fura ta miƙo mini, ta ce, "Sha, ɗan nan, tun safe kake magana." Ba ta taɓa karɓar komai a hannuna ba.

Wata rana da kasuwa ta fara watsewa ta matso kusa da ni. Ta ce maigidanta, Baffa Manu, ya kai wata uku ba ya barci. Da ya kwanta sai tari ya taso masa, ƙirjinsa ya riƙa fito, sai dai ya jingina da buhu a zaune har gari ya waye. Ya rame, ya daina bin shanu. Ta ce sun sayo masa maganin tari na kwalba yana sha, amma barcin ya ƙi.

Tana magana ina jin muryar Malam Sabo a kaina. Tsoho, ga ciwon ƙirji, ga maganin tari na kwalba wanda shi ma yana sa maye. Duk abin da aka ce kada a haɗa ya haɗu a mutum ɗaya. Abin da ya kamace ni shi ne in ce, Goggo, wannan ba nawa ba ne, ku kai shi asibiti gobe da safe. Amma akwai mutane biyu a tsaye suna jin mu, kuma na saba cika baki cewa garina ba ya da wanda ba ya yi wa. Na ɗauko ƙulli na miƙa mata, na ce rabin cokali a kunu bayan isha.

Ta riƙe ƙullin tana juya shi. Ta ce, "Ɗan nan, babu ƙwayar Bature a ciki ko? Shi Baffanka yana tsoronta."

Na ce, "Wallahi Goggo itace ne zalla."

Na rantse da Allah, ina duban idonta. Ta ƙulle garin a bakin zanenta ta yi mini godiya.

Abin da ya biyo baya daga bakin mutane na ji shi, da kuma a kotu. Kwanakin farko tsohon ya yi barci, kowa a gidan ya yi murna. Bayan mako biyu rabin cokali ya daina yi masa, sai Goggo ta cika cokalin, ya kora da maganin tarinsa. Da asuba bai tashi salla ba, abin da bai taɓa yi ba. Ta tashe shi, ta girgiza shi, ta yayyafa masa ruwa, ko motsi. Leɓɓansa sun yi baƙi, numfashin sai an kasa kunne. 'Ya'yansa suka samo mota suka garzaya da shi asibiti. A can wata ma'aikaciyar jinya ta tsare Goggo da tambaya, me ya ci, me ya sha. Da aka nuna mata garin sai ta zuba kaɗan a kofin ruwa. Ganyen ya taso sama, wani farin abu ya kwanta a ƙasa. Ta ruga ta gaya wa likita, nan take suka san abin da suke faɗa da shi. Ban san sunan wannan baiwar Allah ba har yau, amma ba na yin salla ban sa ta a addu'a ba. Da ta yi sakaci da wannan tambaya, da yanzu ni mai kisan kai ne.

Ranar kasuwa ta zagayo, ina tsaka da talla a lasifika, sai na ga 'yan sanda biyu sun tsaya a kaina, Goggo Dije tana bayansu. Babu ƙwarya a kanta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Na tambaye ka, ɗan nan. Da bakina na tambaye ka." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mutane suka taru, wasu suna neman dukana, 'yan sandan suka kare ni suka tura ni mota. Daga nan aka wuce gidana aka kwashe turmin da ragowar ƙwayoyin, Rabi tana tsaye a tsakar gida riƙe da ɗanmu na goye.

Kwana uku na yi a tsare ban san ko Baffa Manu yana raye ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce in jira. A rana ta huɗu da hantsi aka ce ina da baƙo. Da aka fito da ni sai na ga Malam Sabo zaune a benci, mutumin da na yi wa sata na kuma ɓata masa suna. Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Daga asibitin nake. Tsohon ya farka jiya da la'asar, har ya nemi ruwan alwala." Na faɗi ƙasa na yi sujada a wurin, ina kuka kamar yaro. Malam ya bari sai da na natsu, sannan ya ce, "Allah Ya rufa maka asiri babba. Yanzu saura kai. In an kai ka gaban alƙali kada ka wahalar da kowa, ka faɗi gaskiya, ka kuma faɗi ƙauyukan da ka sayar, don a nemo mutanen nan a taimake su." Haka na yi. Aka yanke mini shekara uku.

A gidan yari ne na ɗanɗani abin da na ɗura wa mutane. Tun a hannun 'yan sanda jikina ya fara neman ƙwayar, da na shiga can kuwa abin ya kai maƙura. Hannuna yana rawa, gumi yana karyo mini, ƙaramin motsi sai gabana ya faɗi, barci kuwa ko na minti ɗaya. Wani ganduroba ya ga halin da nake ciki ya kai ni ɗakin shan magani. Ma'aikacin lafiyar da ke wurin, Malam Isiyaku, wani gajere ne mai furfura a gemu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ka taimake ni da ƙwaya ko guda ɗaya."

Ya ce, "Tashi ka zauna. Guda nawa kake sha a rana, kuma tun yaushe? Kada ka rage mini, ba alƙali ba ne ni."

Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce wanda jikinsa ya saba haka ba a yanke masa lokaci guda, yana iya faɗuwa da farfaɗiya. Ya haɗa ni da likitan da ke zuwa duba fursunoni, likitan ya rubuta yadda za a riƙa rage mini kaɗan-kaɗan. Malam Isiyaku ne yake ba ni da hannunsa, ya tsaya sai na haɗiye. Ya sa aka saka ni cikin masu aikin lambu don jikina ya gaji da gaske. Ya hana ni kwanciyar rana, ya hana ni shayi da goro daga azahar, ya ce ko na yi barci ko ban yi ba in tashi da asuba lokaci ɗaya kullum. Na ce masa wannan ai ba magani ba ne. Ya ce, "To, naka da ka haɗa ina ya kai ka?"

Bayan an gama rage mini ƙwayar, rawar jiki ta tafi, amma barcin bai dawo sosai ba. Wata rana da safe ina share masa ɗaki ya tambaye ni, "In ka rufe ido me kake gani?" Na ce tsohuwar nan nake gani tana ƙulle garin a bakin zanenta. Ya ce, "Wannan kam babu shi a kantata. Tsakaninka da Allah ne da mutanen da ka zalunta." Ya ba ni takarda da biro. Na rubuta wa Baffa Manu wasiƙar neman gafara, na yaga, na sake, har sau biyar, sannan na ba Malam Sabo da ya zo ziyara ya kai. Amsa ba ta zo ba. Amma na dage da istigfari, na koma karatun Alƙur'ani da na yi watsi da shi. A cikin wata na bakwai, ran nan sai ji na yi abokin ɗakina yana bugun ƙafata yana cewa in tashi an kira salla. Na yi barci tun daga isha, ba ƙwaya, ba komai. Na daɗe zaune a bakin tabarma ina faɗin alhamdu lillahi.

Rabi ba ta guje ni ba, ko da yake 'yan'uwanta sun so ta dawo gida. Ta zauna wurin iyayena, duk bayan wata biyu ta zo mini da ƙuli-ƙuli da yaji. Sau ɗaya kawai ta yi mini maganar. Ta ce, "Malam, abin da ya fi ci mini rai, da hannuna nake shanya maka ganyen nan." Mahaifina kuwa sai da na shekara bai zo ba. Ranar da ya zo, da zai tafi ya ce, "Gonar kawunka ta Tudun Kaya tana nan ba mai nomawa. Na ce a ajiye maka."

Da aka sake ni, mako guda na yi a gida, sannan na roƙi mahaifina da Malam Sabo su raka ni rugar Baffa Manu. Muka isa da hantsi, muka tarar da shi a inuwar ɗorawa yana tufka igiya. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da shanu da damina, duk ina durƙushe a gefe. Da aka gama, mahaifina ya ce, "Ga mai laifi mun kawo." Na ce, "Baffa, na zalunce ka, kuma ina sane. Ka yafe mini don Allah."

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce wasiƙata ta iso, jikansa ya karanta masa, tun ranar ya yafe, rubutu ne ba su iya mayarwa ba. Ya zaro wani ɗan abin shaƙa daga aljihu ya nuna mana. Ya ce, "A kwanciyar nan da na yi ne likita ya gano ciwon ƙirjina. Tun da aka ɗora ni a kan maganinsa, aka ce in riƙa ɗaga kai da matashi biyu, nake barcina. Ashe ba barcin ne ba shi da lafiya ba, ƙirjin ne. Ba don ka kyauta ba, yaro. Allah ne Ya juya sharrinka." Ya miƙo mini hannu, na riƙe da hannu biyu.

Goggo Dije ba ta fito ba. Na je bakin bukkarta na durƙusa na yi sallama. Ta amsa daga ciki. Na nemi gafara. Can ta ce, "Na yafe, don ina so Allah Ya yafe mini. Amma ka sani, kai ka yi shekara uku ka fito. Ni ce na dama masa kunun nan na ba shi a baki, kuma har yau in ya yi nauyin barci sai na kai hannu hancinsa. Ka je, Allah Ya shirye ka." Na tashi na tafi. Ban ga fuskarta ba, kuma ban cancanci fiye da haka ba. Abin da ta ba ni ma ya fi ƙarfina.

Daga baya na bi ƙauyukan da na sani ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa. Telan nan ya samu taimako a asibiti, ya koma kan kekensa. Tsohuwar da ta karye ta rasu ina tsare, sai 'ya'yanta na roƙa. Wannan yana nan a wuyana, ina fatan Allah Ya sa ta yafe kafin ta cika.

Yanzu ina noma gyaɗa da dawa a Tudun Kaya, da rani kuma ina ɗan lambun albasa, sana'ar da na koyo a gidan yari. Ba ni da babur, ba ni da suna a kasuwa, kuma ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar yanzu ba. Ina godiya ga Allah da Ya sa aka kama ni tun kafin in kashe rai. Ina godiya ga mutanen da na cuta suka saka mini da alheri.

'Yan'uwana matasa, ga abin da nake so ku ɗauka. In barci ya ƙaurace muku, ko ya ƙaurace wa iyayenku, kada ku fara da tambayar wane magani za a sha. Ku fara da neman abin da ya kore shi. Ku je wurin likita ko ma'aikacin lafiya na gaskiya, ku gaya masa komai: ciwon da ke jiki, maganin da ake sha ko da na tari ne, da damuwar da ke rai. In ya ce a gyara kwanciya da ci da sha tukuna, kada ku raina, ni da kaina abin da ya tashe ni ke nan. In kuma ya ga sai an sha ƙwaya, shi zai zaɓi wadda ta dace da shekarun mutum da lafiyarsa, ya faɗi kwana nawa, ya faɗi yadda za a daina. Kada ku ƙara awo da kanku, kada ku ba wani naku, kada ku karɓi ƙullin da ba ku san abin da ke cikinsa ba, kome daɗin bakin mai shi. Akwai masu maganin gargajiya na kirki, amma akwai irina a cikinsu, kuma a fuska ba a bambance mu.

Ku kuma da kuke koyon sana'a a hannun wani, a kemis ne ko a ko'ina, in aka hana ku wani abu ku tambayi dalili, in an faɗa muku ku riƙe. Ranar da wani zai ce muku sau ɗaya ne kawai, ba wanda zai sani, ku ce a'a a ranar, domin ita ce ranar da a'a take da sauƙi.

Jiya na dawo daga gona da yamma, Rabi ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci, na yi isha a masallacin unguwa, na kwanta. Ban san inda kaina yake ba sai kiran assalatu. Ni na san abin da na bi ta kansa kafin in sami wannan. Allah Ya ba ku irinsa a sauƙaƙe, ba tare da hakkin kowa a kanku ba. Amin.